Mai asma, shuɗiyar inhela kaɗai ba ta isa ba

Abin da yake damuna da yawancin masu asma shi ne sun ɗauka ciwon zuwa yake ya tafi, ranar da ƙirji ya toshe a ɗauko inhela a shaƙa, da an ji sauƙi a jefa ta jaka a manta da ita. Alhali kumburin yana nan a hanyoyin iskar huhu ko a ranar da kake jin garau. Da ƙura ko hayaƙi ko iska mai sanyi ta taɓa wurin sai hanyar ta matse, majina ta taru, numfashi ya dinga fita da ƙara kamar ana busa usur a ƙirji, ga tarin nan da ba ya tashi sai tsakar dare ko gab da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 262 ne ke da asma, ta kashe kusan 455,000, kuma da yawa cikinsu da an kula da ba a kai nan ba.

To fara da sanin inhelarka. Manyansu iri biyu ne. Akwai ta buɗe hanya nan take, wato salbutamol, yawanci shuɗiya ce, irin su Ventolin. Akwai kuma ta rigakafi irin su beclometasone ko budesonide, wadda take kwantar da kumburin a hankali, ita ce fa ainihin maganin, kuma ita ce mutane suka fi yasarwa don ba sa jin aikinta a take. Dan Allah in likita ya ɗora ka a kanta kada ka daina don ka ji sauƙi, sauƙin ai daga ita ne. Ka kuskure baki da ruwa bayan ka shaƙe ta. Kuma zancen wai jiki yana sabawa da inhela har ya kasa rabuwa da ita ba gaskiya ba ne, wannan maganar ta cutar da mutane ba kaɗan ba.

Sai yadda ake shaƙar, nan ne ake asarar magani sosai. Girgiza ta, fitar da numfashinka duka, kama bakinta da leɓɓanka gam, ka danna daidai lokacin da ka fara jan iska a hankali, sannan ka riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. In ka ga hayaƙin yana fitowa ta gefen baki to iska ka yi wa magani. Yara kam a sama musu sifesa, wannan robar da ake jona wa inhela, manya ma tana musu amfani.

Ka lura da abin da yake tayar maka, kowa da nasa, wani gashin kyanwa, wani turare mai ƙarfi, wani mura kawai, wasu ma aspirin ko ibuprofen. Sigari kuwa ko a kusa da kai kar a sha.

In asmar ta tashi, zauna ka miƙe bayanka, kar ka kwanta, shaƙi shuɗiyar sau ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60 har sau 10. In mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka canza kala, ko aka shaƙa ba sauƙi, a tafi asibiti yanzu yanzu, kar a ce bari gari ya waye. In kuma kana neman shuɗiyar sau 3 ko fiye a sati, ko tari na tashinka daga barci, koma wajen likita ya sake duba maganinka, ka tafi da inhelar a hannu ka shaƙa a gabansa ya ga yadda kake yi.