Zaɓen sifikar 5.1 ta kwamfuta da kuɗi kaɗan a Jidda

Da farko leƙa bayan kwamfutarka. In ka ga ramuka uku, kore da baƙi da ruwan lemo, za ta ɗauki 5.1, wato ƙananan sifiku biyar da babba ɗaya mai gunji. In rami ɗaya ne, kamar na laftof, sai ka haɗa da katin sauti na USB, ko ka haƙura da 2.1, wato ƙanana biyu da mai gunjin.

Sannan auna ɗakin. Biyu daga cikin sifikun bayanka za su zauna, wayarsu kuwa kan gaza. Tawa sai da na yi mata ƙari, na bi da ita ƙarƙashin darduma.

Sai kasuwa. Gwanjon kasuwar Sawarikh ta Jidda ya fi araha, amma kada ka miƙa riyal sai an kunna kowace ka ji. Tabbatar kuma ta wuta 220 ce.