Darasi na 9: Ƙananan malam-buɗe-littafi masu shuɗi a gonar wake

Jama'a barkanmu da zuwa aji. Yau maganar wasu 'yan ƙananan malam-buɗe-littafi za mu yi, waɗanda in sun buɗe fiffike ba su wuce faɗin yatsu biyu ba, kuna ganinsu da damina suna shawagi ƙasa-ƙasa a gonar wake, ko a kan laka a bakin Binuwai nan Garwa suna tsotsar danshi. Masana suna kiran danginsu Lycaenidae, kuma sun kai wajen iri 6,000 a duniya, toh mu iri biyu kawai za mu ɗauka.

Na farko shi ne na magarya, sunansa Tarucus. Ƙasan fiffikensa fari ne da ɗigo-ɗigo baƙi. Tsutsarsa ganyen magarya take kankarewa har ganyen ya zama shara-shara kana hango haske ta ciki. Wannan ba ruwansa da wakenka, dan Allah a ƙyale shi.

Na biyun ne abin lura, Lampides boeticus, tun 1767 masani Linnaeus ya rubuta shi a littafi. Namijin shuɗi ne mai sirkin shunayya, macen ta fi yin ƙasa-ƙasa. Duba ƙarshen fiffiken baya da kyau, akwai ɗan wutsiya siriri kamar zare da ɗigo baƙi guda biyu kusa da shi, tsuntsu ko ƙadangare sai ya ɗauka nan ne kai, ya kai cafka ya tashi da guntun fiffike shi kuwa ya tsere abinsa. Ni dai duk sanda na ga wannan sai na ce Allah mai iko.

Macen tana saka ƙwai ɗai-ɗai a kan furen wake tun bai buɗe ba, tsutsar in ta fito ta ci furen sannan ta huda kwanso ta shige ciki tana cin 'ya'yan, shi ya sa za ka ɓare wake ka tarar da rami da ɗan kashi. Kuma akwai amana tsakanin tsutsar da tururuwa, tana fitar da wani ruwa mai zaƙi a bayanta su sha, su kuma su tsare ta daga masu cinta. In ka ga tururuwa sun taru a kwanso ɗaya, duba shi.

Abin da ke damuna shi ne mutum ya ga malam-buɗe-littafi biyu ya ɗauko famfon feshi, kuɗi ya tafi, ƙudan zuma ma su mutu. Fara dubawa tukuna. In kwanson da aka huda kaɗan ne, tsinke su da hannu ka binne, in sun yi yawa ka nemi malamin gona.

Aikin gida: gobe da sassafe ka duba kwanson wake 20, ka rubuta nawa ne ke da rami, sannan ka rubuta kalmomin nan sau uku uku: fure, tsutsa, kwanso, tururuwa.