Kurakuran Malaman Ingilishi Wajen Koyar da Kirki ta Hanyar Labari

Yaron da ya shiga ajin 6e, wato ajin farko, a kowace kwaleji ta Maradi ya riga ya ƙoshi da nasiha. Ya ji ta a gida, ya ji a makarantar allo, ya ji a rediyo. Ka tambaye shi ko kyautata wa mutane abu ne mai kyau, kafin ka rufe baki ya ce maka alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da an fita hutu kuwa, shi ne zai bi bayan ɗan ajinsu mai ɗingishi yana kwaikwayon tafiyarsa. Saboda haka malamin Ingilishi da ya ɗauko labari don ya koyar da kirki bai zo da wani sabon ilimi ba. Abin da labari ya iya shi ne ya sa yaro ya ɗan ji abin da wani yake ji a ransa. Galibin kurakuranmu daga mantawa da wannan suke tasowa.

Wanda aka fi yi shi ne malam ya shigo, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta darasin da labarin ke ɗauke da shi da manyan baƙaƙe a saman allo, sannan a fara karatu. Shi ke nan an gama. Yara sun gane amsar da Mushe, wato malam, yake so, duk tambayar da aka yi kuma ita za su maido masa. Gyaran shi ne a bar saman allon nan fayau, a kuma koyi tsayawa a tsakiyar labari. A ce labarin wata yarinya ne da ta zo daga ƙauye, ranarta ta farko a aji. Benci ɗaya ne ke da sauran wuri, 'yan mata uku na zaune a kai, ta gefe ta ɗora jakarta a wurin ta kau da kai. To, nan za ka tsaya. Kada ka tambayi ko abin da ta yi ya dace, wannan tambaya ce da ko ɗan yaye zai amsa. Tambayi me ya sa ta ɗora jakar. Za a yi shiru tukuna, ka haƙura da shirun. Can wata za ta ce ƙila tana tsoron ƙawayenta su yi mata dariya, wani ya ce ƙila ita ma haka aka yi mata bara. Sai ka juya kan ta tsakiya, wadda ta gani ba ta ce uffan ba. A ganina ita ce ta fi kowa amfani a darasin, don yawancin ajin ba masu zalunci ba ne, ba kuma waɗanda ake zalunta ba ne, 'yan kallo ne, kuma ba kasafai ake yi musu magana ba.

Sai zaɓen labarin kansa. Yaranmu sun yi firamare da Faransanci, Ingilishi kuwa a 6e suke fara shi. Ga ɗan Bafulatani ko Buzu da ke zaune a ajin, wannan na iya zama harshe na huɗu. Amma sai malam ya sauko da labari daga intanet wanda aka rubuta wa yaran Amurka masu shekara 12 da suka tashi da harshen tun a nono, cike da dusar ƙanƙara da abincin da ba wanda ya taɓa gani. Awa guda ta ƙare ana fassara kalmomi, ba wanda ya kai ga tausayin kowa. In ka ga kalmomin da yara ba su sani ba sun fi yatsun hannu ɗaya a sakin layi, labarin ya fi ƙarfinsu. Ka rage shi, ko ka zauna ka rubuta naka cikin jimla 10 zuwa 12 gajeru. Labaran ƙasashen waje a ajiye su sai 4e da 3e, azuzuwa biyu na ƙarshe a kwaleji, lokacin da ƙafa ta yi ƙwari. Kuma a ba da labarin a kwafa tun ana gobe darasi, don kwafa daga allo kaɗai tana iya cinye rabin lokaci.

Da yawa sun gano cewa tatsuniya na maganin wannan matsala, tunda yara sun san zubinta, hankalinsu sai ya koma kan harshen. Haka ne, amma akwai ɗan tarko. Dubi tatsuniyoyin marainiya da 'yar kishiya: mai ladabi ta taimaki tsohuwa ta dawo da dukiya da auren ɗan sarki, marar kunya ta bi sawu ta gamu da masifa. Yara na son ta, ni ma ina son ta. Sai dai in ita kaɗai ake kawowa, abin da yaro zai tafi da shi gida shi ne kirki jari ne, ana zuba shi don riba. A tambaye su: da tsohuwar ba ta da abin bayarwa fa? Labaran Gizo ma suna aiki ƙwarai in aka juya su, a bar wayon Gizo a tambayi yadda wanda aka damfara ya kwana a daren nan.

Akwai kuma ramuka biyu da ke fuskantar juna. Wani malamin, saboda jarrabawar BEPC ta gama kwaleji na jiran yara a ƙarshen 3e, sai ya mai da labari wurin haƙar nahawu: a ja layi ƙarƙashin aikatau, a mai da jimla korau, a tashi. Wani kuma labarin ya ɗauke shi, ya yi minti 40 yana wa'azi da Hausa, har ya kawo ayoyi, ba wanda ya furta kalmar Ingilishi ko ɗaya. Na biyun ya fi daɗin ji, amma ba shi aka ɗauke mu aiki mu yi ba. Iyaye a garin da ke cinikayya da Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya sun san amfanin Ingilishi, kuma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na gwamnatin Nijar ya sa shi cikin harsunan aiki tare da Faransanci. Hanyar da ke haɗa biyun mai sauƙi ce. A ba yara minti biyu su tattauna bibbiyu da harshen da suka ga dama, sannan kowane benci ya kawo jimla ɗaya ta Ingilishi mai ɗauke da “because”. Yaron da ya iya cewa “She was afraid because her friends were watching” ya yi nahawun shuɗaɗɗen lokaci, ya kuma leƙa zuciyar wani, duk a numfashi ɗaya.

Kuskuren da ya fi ciwo kuwa da kyakkyawar niyya ake yin sa. Ana karanta labarin maraya, sai Madam ta ce, “Kamar dai ɗan'uwanku da ke can baya, ku riƙa tausaya masa.” Kai sittin ya waiwaya. Yaron nan zai so ƙasa ta tsage ya shige, kuma daga ranar ya samu sabon suna a unguwa. Tun 2019 mutane da dama suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maradi, musamman wajen Gidan Rumji, suna gudun 'yan bindiga. Ga yaran da aka aiko birni karatu suna zaune gidan dangi, ga masu in'ina, ga zabiya. Malam bai san duk abin da ke cikin ajinsa ba. Amfanin labari ai shi ne mutumin cikinsa ba ya jin kunya, a bar shi ya ɗauki nauyin. Haka nan wajen wasan kwaikwayo: kada a ba yaro mai yagaggen takalmi matsayin mabaraci don wai ya dace. A yi ƙuri'a, ko a ɗora wa shugaban aji, wanda ba abin da zai rage masa.

Za ka ji yara na kare kansu da cewa wasa ne. Kada ka yi saurin hana wasa, domin barkwanci tsakanin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, gado ne da UNESCO ta amince wa Nijar da shi a 2014. Sai dai shi wannan yana da ƙa'ida: kowane ɓangare na da damar ramawa, kuma a tashi ana dariya tare. Ka sa wannan ma'auni a kan labarin da ake karantawa, ka tambaya ko yarinyar nan baƙuwa tana da bakin ramawa. Su da kansu za su ba ka amsa.

Abin da ya rage ya shafi mu malamai. Bahaushe ba shi da harafin p a bakinsa, don haka yaro zai tashi karatu ya mai da “people” wani abu daban, ajin ya fashe da dariya. Abin da Mushe ya yi a daƙiƙa biyar ɗin nan ya fi labarin duka tasiri. In ya murmusa tare da su, ko ya maimaita kuskuren da muryar yaron, to darasin kirki ya tashi aiki. In kuma ya daka tsawa ya sa masu dariya durƙuso, yaron ne zai biya bashin a hanyar gida. Abin da ya fi shi ne ya faɗi kalmar daidai, ya sa ajin duka su maimaita, har da masu dariyar, waɗanda rabinsu ma ba su iya ta ba, sannan ya ce wa yaron, “Ci gaba, Malam, muna jin ka.” Kuma kada a tayar da mai rauni ya karanta abin da bai taɓa gwadawa da abokin bencinsa ba.

Wajen ba da maki ma a yi hattara. In aka ce mai “kyakkyawan ra'ayi” shi zai ci 18 bisa 20, an koya wa yara faɗin abin da ba shi ne a ransu ba. A duba Ingilishin, a duba ko yaro ya kawo hujja daga cikin labari. Aikin gida da ya fi fito da wannan shi ne gajeriyar wasiƙa, layi biyar ko shida, wadda yarinyar da ta ɗora jaka za ta rubuta wa baƙuwar bayan mako guda. Wasu za su ba da haƙuri, wasu za su kawo uzuri, wani ma zai rubuta cewa ai bencin ya riga ya cika. A ba kowa makinsa gwargwadon jimlolinsa, a zaɓi uku masu saɓanin ra'ayi, a karanta wa aji ba tare da an faɗi sunan masu su ba.