Raunin Kayan Aiki da Yadda Ake Jinyarsa

Duk mai neman abinci da hannunsa yana tare da abin da zai iya ji masa ciwo. Manomi na da fartanya da lauje da adda. Kafinta na da zarto da guduma da ƙusa. Tela na da almakashi, mai girki na da wuƙa, mai faskare na da gatari. Bakanike da mai walda da mai injin niƙa kuwa, nasu haɗarin ya fi girma. A wannan darasi za mu koyi abin da ake yi idan tsautsayi ya faɗa, tun daga mintin farko har ranar da miki zai rufe. Jinyar kwanakin baya ita mutane suka fi yi wa sakaci, kuma a nan ne hannu ko ƙafa suka fi lalacewa.

Yadda tsautsayin yake zuwa

Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi saurin jawo rauni, domin sai an danna ta da ƙarfi, sai ta zame ta faɗa kan yatsa. Haka gatari ko fartanyar da ƙotarta ta yi sako-sako: ana ɗagawa sai ƙarfen ya fice. Sauran kuma gajiya ce da gaggawa da aiki cikin duhu. Mafi muni shi ne zura hannu cikin inji don ciro abin da ya maƙale alhali injin na juyawa. Ku kashe shi, ku jira ya tsaya cik. Kada ku kusanci bel ɗin inji da riga mai faɗin hannu ko mayafi mai reto.

Tsayar da jini

Da zarar an yanke, ku samu tsumma mai tsabta ku ɗora a kan raunin, ku danna da ƙarfi. Ku ɗaga wurin sama da ƙirjin mai raunin idan hannu ne ko ƙafa. Ku riƙe minti 10 cur, da agogo, ba tare da ɗagawa don leƙawa ba. Wannan leƙen shi ne kuskuren da aka fi yi. Jini ya fara daskarewa, sai a ɗaga tsumma a ɓalle shi, a koma farko. Idan tsumman ya jiƙe, a ɗora wani a kansa, a ci gaba da dannawa. Idan akwai zobe a yatsan da ya ji ciwo, a cire shi tun kafin kumburi ya hana.

Idan ƙusa ko tsinin ƙarfe ko gilashi ya nutse cikin jiki sosai, kada a zare shi. Wataƙila shi ne ya toshe jijiyar da ta fashe. A danna gefe da gefensa, a tare shi da tsummoki don kada ya motsa, a tafi asibiti a haka.

Ɗaure hannu ko ƙafa tamau don tsayar da jini ba a yin sa sai jini na feshi kuma dannawa ta gagara. In ta kai ga haka, a yi amfani da ƙyalle mai faɗi, ban da waya ko siririyar igiya. A ɗaura sama da raunin da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gaɓa ba, a tamke har jinin ya tsaya. A rubuta lokacin da aka ɗaura, kada a kwance a hanya, a garzaya asibiti. Idan mai raunin ya koɗe, yana gumi mai sanyi, yana jiri, a kwantar da shi a lulluɓe shi. Kada a ba shi ci ko sha, don ƙila a yi masa aiki.

Idan yatsa ya guntule, kada a yar da shi. A naɗe shi cikin tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A tafi da shi tare da mai shi.

Wanki

Bayan jini ya tsaya, sai wanki. Mai taimako ya fara wanke hannunsa da sabulu. A kwarara ruwa mai tsabta a kan raunin na minti 5 ko fiye, har ƙasa da dusar katako da ɓurɓushin ƙarfe su fita. A wanke fatar da ke kewaye da sabulu. Idan ana shakkar ruwan, a tafasa shi a bari ya huce. Ana iya haɗa ruwan gishiri na wankin miki: gishiri giram 9, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa.

Wankin yana da zafi, amma babu maganin da ya kai shi amfani. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin abin da ake zubawa a sabon rauni maimakon ruwa: toka, ƙasa, kashin dabba, baƙin mai, man birki, fetur, ruwan batir, man goge baki, garin kafso. Mai zubawar da kyakkyawar niyya yake yi, yana son jini ya tsaya. Sai dai wasu daga cikinsu ƙona nama suke yi, wasu kuma su ne ke kai ƙwayar cuta can ciki. Daga baya ma'aikacin lafiya sai ya kankare su kafin ya ga raunin, mai ciwo ya sha azaba sau biyu. Ko sifirit da haidurojin, wannan ruwan mai kumfa, ba a so a riƙa kwarara su cikin miki kullum, domin suna kashe sabon nama tare da ƙwayoyin cutar.

Ƙuna kuma, ko ta ƙarfe mai zafi ko ta tartsatsin walda, a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, kuma kada a fasa ƙurjin da ya tara ruwa. Idan ɓurɓushi ya faɗa ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai yawa. In abin ya kafe a idon, a kife ƙaramin kofi a kai ba tare da dannawa ba, a nemi likita.

Raunin da ba na gida ba ne

Wani raunin sai an ɗinke. Ku tafi asibiti idan bakinsa ya wage bai haɗuwa, ko ana hango kitse ko jijiya ko ƙashi, ko yana kan fuska ko kan gaɓa, ko jini ya ƙi tsayawa bayan an danna. Kada a kwana ana shawara. Ɗinki ya fi kamawa cikin awa 6 zuwa 8 na farko, musamman a hannu da ƙafa.

Ga wani gwaji da ya kamata kowa ya sani. Idan an yanke a hannu, ku ce mai raunin ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe su. Ku taɓa kan kowane yatsa ku tambaye shi ko yana ji. Idan wani yatsa ya ƙi motsi ko ya mutu, an yanke jijiya a ciki, ko da yankan ƙarami ne a ido. Fatar za ta rufe sumul, amma yatsan ba zai dawo ba sai an gyara jijiyar da wuri.

Sai kuma hujin ƙusa. Mutum ya taka ƙusa, ɗigon jini ɗaya ya fito, ya goge ya ci gaba da aiki. Irin wannan ƙaramin rami mai zurfi shi ne gidan cutar sarƙe haƙora, wadda ma'aikatan lafiya ke kira tetanus. Ƙwayarta tana zaune ne cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma tana yaɗuwa a inda iska ba ta shiga. Tsatsa ba ita ce cutar ba, saboda haka sabuwar ƙusa ma tana iya kai ta. Alamunta suna fitowa tsakanin kwana 3 zuwa 21, sau da yawa bayan an manta da raunin. Muƙamuƙi ya ƙage, wuya ya sandare, haɗiya ta gagara, jiki ya riƙa fizga. Tana kisa, amma allurar riga-kafi tana hana ta. Idan rauni mai zurfi ne ko mai datti, kuma an fi shekara 5 da yin allurar ƙarshe, ko ba ku tuna ko an taɓa yi muku ba, ku je a ranar.

Jinya daga rana zuwa rana

Jiki yana da tsarinsa na gyara. A kwana 2 ko 3 na farko wurin zai ɗan kumbura, ya yi ja, ya yi ɗumi, ya riƙa zogi. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin yana raguwa. A waɗannan kwanaki a riƙa ɗora hannun ko ƙafar a kan matashi, don reto yana ƙara kumburi. Bayan haka sai jan nama mai laima ya fara cika ramin daga ƙasa. Wasu suna ganinsa su tsorata, su nemi abin da zai busar da shi. Shi ne sabon naman, a bar shi. Daga gefe kuma sabuwar fata za ta riƙa matsowa tsakiya.

An daɗe ana cewa a bar miki ya sha iska ya bushe. A shekarar 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan laima yana yin sabuwar fata da sauri fiye da wanda aka bari ya bushe. Don haka bayan wanki a shafa basilin mai tsabta kaɗan, a rufe da bandeji. Rufewar tana kuma hana ƙuda da ƙura. Kada a ɗora auduga kai tsaye, zarenta na maƙalewa cikin nama.

A canja bandeji sau ɗaya a rana, ko duk lokacin da ya jiƙe ko ya yi datti. In ya manne, kada a fizge shi. A jiƙa shi da ruwan gishiri har ya saki da kansa, domin fizgewa tana tafiya da naman da jiki ya kwana yana ginawa. Kada a ɗaure da ƙarfi: idan yatsun da ke ƙasa da ɗaurin suka yi sanyi ko suka fara mutuwa, a sassauta. Ɓamɓaroki kuma a bar shi ya faɗi da kansa. Ƙaiƙayi zai zo, a shafa gefen wurin, kada a sa farce.

Kowace safiya ku duba mikin da kyau, ku yi wa kanku tambaya ɗaya: yau ya fi jiya sauƙi? Idan bayan kwana 3 zogi ƙaruwa yake yi, ko kumburi da zafin wurin suna faɗaɗa, ko mugunya na fita, ko yana wari, ƙwayar cuta ta shiga. Ku zana layi da biro a gefen inda kumburin ya tsaya. In washegari ya tsallake layin, ku tafi asibiti. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, don haka ku dogara da taɓawa: zafi, tauri da sheƙi. Idan kuwa kaluluwa ta fito a hammata ko a matse-matsi, ko ciwon na bin hannu yana hawa sama, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka zo, kada a jira gari ya waye.

Don rage zogi, babba zai iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2, bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. A guji asfirin a kwanakin farko saboda yana sa jini ya ƙi daskarewa. Kafso kuwa ba kowane rauni ke buƙatarsa ba. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗa, kuma idan ya rubuta a sha yadda ya ce.

Wanda aka yi wa ɗinki ya kare wurin daga ruwa na kwana 1 zuwa 2, kuma ya koma asibiti ranar da aka ce masa. Zaren fuska ana cire shi wajen kwana 5, na hannu kwana 7 zuwa 10, na ƙafa da na kan gaɓa har kwana 14. Ya tambaya yaushe zai fara motsa yatsun, domin gaɓar da ta daɗe a ɗaure tana ƙagewa, kuma dawo da ita aiki ne babba.

Mai ciwon suga shi ya fi kowa buƙatar kula. Mikinsa yana jinkirin warkewa, kuma ƙafarsa ba ta cika jin zafi ba, har ƙaramin huji ya zama gyambo bai sani ba. Ko yaya raunin yake a ƙafa, ya kai a duba. Taba ma tana rage jinin da ke isa miki. Mai jinya yana buƙatar abinci mai gina jiki da ruwa da barci. Duk mikin da ya yi mako 2 bai nuna alamar rufewa ba, a kai shi a gani.

Komawa aiki

Nan ne wahalar take. Wanda sai ya fita yake samun na cefane ba zai ji daɗin a ce ya zauna ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Amma rufewar fata daban, ƙarfinta daban. Sabon tabo kamar yaɓen da bai bushe ba ne: a ido ya yi daidai, ana jingina ya burme. A mako na 3 ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na fatar asali ba, kuma ko bayan watanni iyakarsa wajen kashi 80 cikin 100. Idan ya sake tsagewa, zaman da ake gudu shi za a yi ninki biyu. In fitar ta zama dole, a rufe wurin da kyau, a sa safar hannu ko takalmi rufaffe, a fara da aiki marar nauyi, a bar wa wani ɗaukar kaya da sara. Da an tashi daga aiki a kwance, a wanke, a sa sabon bandeji.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai rauni a hannu, ɗaya ya danna tsumma ya ɗaga hannun, malami ya riƙe agogo har minti 10 su cika, don kowa ya ji tsawonsu a jikinsa. Daga nan ku gwada naɗa bandeji da gwajin yatsu, sannan ku yi musanya. Kafin darasi na gaba, kowa ya rubuta a littafinsa sunayen kayan aikin da yake taɓawa kullum, ya ja layi ƙarƙashin wanda ya dakushe ko ƙotarsa ke girgiɗi. A ƙasa ya rubuta shekarar da aka yi masa allurar sarƙe haƙora ta ƙarshe. Wanda bai tuna ba ya rubuta ranar da zai je a yi masa.