Kurakuran da ake yi wajen sauko da Pokémon daga allo zuwa tabarma

A cikin 'yan watannin nan matasa huɗu, waɗanda ba su san juna ba, sun turo mini daftarin dokokin da suka rubuta domin mayar da Pokémon, wasan bidiyon kama dodanni da horar da su, wasan labari na kan tebur, wato irin wasan da mutum ɗaya yake jan ragama yana bayyana abin da ke faruwa, sauran kuma kowa ya zama mai horar da dodanni, ƙwayar ludo tana raba gardama. Dukkansu huɗun sun faɗa ramukan da na faɗa shekarun baya, har da ramin da ya kusa wargaza mana majalisa, kuma na gaji da maimaita amsa ɗaya ga kowa a keɓe. Abin da zan faɗa a nan al'adata ce da abin da ya yi mini aiki, kuma na san akwai waɗanda ba za su yarda da rabinsa ba.

Kuskure mafi girma shi ne kwafo lissafin wasan bidiyon kamar yadda yake. Tun da kamfanin Game Freak ya fitar da wasan farko a Japan a watan Fabrairun 1996 a kan na'urar Game Boy, kowane bugu da dodo ya yi wa ɗan'uwansa yana bi ta wani dogon lissafi da na'ura ke yi cikin ƙiftawar ido. Ana ninka matakin dodon sau biyu, a raba da biyar, a ƙara biyu, a ninka da ƙarfin dabarar da aka yi amfani da ita, a ninka da ƙarfin harin mai bugu, a raba da ƙarfin kariyar wanda aka buga, a raba da hamsin, a sake ƙara biyu. Bayan haka sai a ninka da ɗaya da rabi idan dabarar ta dace da jinsin dodon, wato ko na wuta ne ko na ruwa ko na ciyawa da sauransu, a ninka da biyu ko a raba biyu gwargwadon jinsin abokin karawa, sannan a rage wani abu na sa'a wanda ke barin kashi 85 zuwa 100 cikin ɗari na sakamakon. Wannan duk bugu ɗaya ne. A ƙarƙashinsa kuma, a wasannin baya-bayan nan, akwai ɓoyayyun lambobin gado daga 0 zuwa 31 ga kowace sifa cikin sifofi shida, da makin horo har 510, da halaye 25 waɗanda 20 daga cikinsu ke ɗaga wata sifa su sauke wata.

Ni da kaina na kwafe duk wannan a littafin rubutu mai shafi tamanin, ina alfahari da cewa ban bar komai ba. Ranar da muka fara wasa, mu shida a zauren gidanmu bayan sallar isha'i, faɗan farko da aka yi tsakanin Charmander, wani dodon wuta, da wani ƙaramin tsuntsu na daji ya ci mana minti arba'in, ina riƙe da waya ina danna lissafi, abokaina suna kallon rufi. Kafin a kai faɗa na uku wuta ta ɗauke, cajin wayata ya ƙare, muka koma lissafi da biro a hasken tocila, har wani daga cikinsu ya ce da ya san darasin lissafi aka kira shi da ya taho da littafinsa na sakandare. Mako na gaba mutum biyu ne suka dawo. Na ɗauki Dala ba gammo, kuma laifina ne, domin ban fahimci cewa abin da ke sa wasan bidiyon daɗi shi ne mai wasa ba ya ganin lissafin ko kaɗan. Abin da yake gani shi ne wuta ta cinye ciyawa, ruwa ya kashe wuta, kuma wannan jin ne ya kamata a sauko da shi, a bar wa na'ura lissafinta.

Ga abin da nake yi yanzu. Ƙwayar ludo biyu ake jefawa, domin ita ce ake samu a kowace kasuwa, saɓanin ƙwaya mai fuska ashirin da aka san shahararren wasan tebur na Dungeons & Dragons da ita, wadda sai an sha wahala kafin a same ta a nan. Idan jimillar ta kai bakwai ko ta wuce, bugu ya samu, kuma hakan yana faruwa sau 21 cikin 36, wato wajen kashi 58 cikin ɗari. Idan jinsin dodonka ya fi ƙarfin na abokin karawa, ka jefa ƙwaya uku ka ɗauki manya biyu, damarka ta haura zuwa kusan kashi 81. Idan kai ne a ƙasa, ka jefa uku ka ɗauki ƙanana biyu, ta sauko zuwa kusan kashi 32. Inda wasan asali ya ce dabara ba ta tasiri sam, kamar lantarki a kan dodon ƙasa, ba a ma jefa komai. Lafiyar dodo kuwa marafan kwalba ne ko ƙwallayen dabino, tsakanin shida zuwa goma sha biyu, a jere a gaban mai shi, ana ɗauke su yana gani. Tun da na koma wannan tsari, faɗa bai ƙara wuce mana minti goma sha biyar ba.

Jadawalin jinsi ma tarko ne. A 1996 jinsi goma sha biyar ne, aka ƙara biyu a 1999, aka ƙara na goma sha takwas a 2013, wanda ke nufin cikakken jadawalin yana da gida 324. Kada ka manna shi a bango kana tsammanin mutane za su duba. A katin kowane dodo ka rubuta jinsi biyu da yake tsoro da biyu da yake cin zali, shi ke nan.

Kuskure na biyu, wanda yake ba ni haushi fiye da na farko saboda kowa yana ganinsa amma yana ƙin yarda, shi ne bai wa kowane ɗan wasa dodanni shida. An gina wasan bidiyon ne domin mutum ɗaya, shi kaɗai da tawagarsa, duniya duka tana jiransa. Ku da kuke rubuta dokoki, don Allah ku zauna ku yi lissafin da ya kamata ku yi tun farko maimakon wancan. Mutum biyar, kowa da dodo shida, dodo talatin ke nan, kowane dodo da dabara huɗu, dabara 120 ke nan, ban da na abokan gāba da jagoran wasa zai riƙe shi kaɗai. Wane ne zai tuna wannan? Na ga daftari a cikin huɗun nan da ya tanadi cikakken shafi ga kowane dodo, har da gurbin nauyi da tsawo, amma mai horarwar, wato mutumin da ɗan wasa zai zama, an ba shi layi uku, suna da shekaru da gari. Wannan rashin tunani ne. Mutum ya bar aikinsa ya zo majalisa domin ya zama wani a cikin labari, ku kuma kun mayar da shi akwatin ajiye dabbobi.

A wurina dodo uku ne iyaka, ɗaya a fili, biyu a ajiye, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne abokin tafiya wanda yake da suna da hali da abin da yake ƙi. Mai horarwa kuma dole ya kasance yana da abin yi a lokacin faɗa ban da ihun umarni: ya jefa magani, ya janye hankalin dodon daji, ya hau bishiya ya hango rauninsa, ko ya shiga tsakani ya sha bugu. Haka kuma ba zai yiwu dukkan mutum biyar su kasance masu neman zama zakara ba. Wani ya zama mai kiwo, wata mai jinyar dodanni, wani mai bincike da ke cike littafinsa, wani kuma ɗan kasuwa da ke bin su domin riba. Idan kowa zakara yake nema, ranar da aka isa zauren gwaji, inda a wasan asali ake karɓar lambobin yabo takwas, ɗaya a kowane zaure, mutum guda zai yi faɗa, huɗu su fito da wayoyinsu, kuma sai an maimaita wannan sau biyar a kowane zaure. Ni nakan sa shugaban zaure ya ƙalubalanci ayarin gaba ɗaya a lokaci guda, lamba ɗaya ta wadatar da kowa.

Batun kamu shi ne wanda har yau nake jin kunyarsa. A wasan bidiyo kowane dodo yana da lambar sauƙin kamu daga 3 zuwa 255, kuma idan ƙwallon kamu ya kasa, mai wasa yana da wasu ashirin a jaka, idan ma duk suka ƙare sai ya kashe na'ura ya koma inda ya adana wasa. A kan tabarma babu komawa baya. Ƙanina ya shafe zama uku, wato mako uku cur, yana bin sawun wani dodo da ya ƙwallafa rai a kansa, ya tambayi mutanen ƙauye a cikin labarin, ya sayar da kekensa na cikin wasa ya sayi abincin da dodon ke so. Da ya same shi ya raunana shi, na ce ya jefa ƙwaya. Ɗaya da ɗaya suka fito. Na duba dokar da na rubuta da hannuna, na ce dodon ya tsere. Yaron ya miƙe ya ce, “Yaya, ai ba ka yi mini adalci ba,” ya fita, kuma bai ƙara zama da mu ba har wajen wata biyu. Gaskiyarsa ce. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro Pokémon, ya samo tunanin ne daga farautar ƙwari da yake yi yana yaro, kuma duk wanda ya taɓa bin fara ko tsuntsu a gona ya san daɗin yana cikin nema da laɓewa da haƙuri. Wanda ya riga ya yi wannan wahalar ya biya kuɗin kamunsa. Yanzu idan ɗan wasa ya yi ƙoƙari irin wannan, dodon nasa ne, ƙwaya kuwa tana yanke abin da kamun zai ci masa ne kawai: ko ya kama shi lafiya lau, ko ya kama shi da rauni, ko ya kama shi amma dodon ya ƙi jin maganarsa har sai ya saba da shi. Jefa ƙwayar da za ta iya hana kamu na bar ta ga dodon da aka ci karo da shi a hanya ba da shiri ba.

Haka nake yi da matakan girma. Mataki ɗari na wasan asali an yi su ne domin wanda zai zauna shi kaɗai yana zagaya ciyawa yana buge ƙananan dodanni har Magikarp ɗinsa ya kai mataki na 20 ya rikiɗa ya zama Gyarados. Babu wanda zai taro abokansa su zauna suna yin wannan tare. Mataki biyar ya isa, kuma rikiɗa ta zo ne a lokacin da labari ya kai maƙura, misali sa'ad da dodo ya tsaya gaban mai shi yana kare shi alhali saura marfi ɗaya a gabansa. Mutanen majalisarmu har yau suna tuna irin wannan dare ɗaya, amma babu wanda ya taɓa tuna ranar da ya tara maki.

Sauran kurakuran ƙanana ne, ba sa buƙatar dogon bayani. Dodannin yanzu sun haura dubu, kada ka ce sai ka rubuta wa kowanne kati kafin a fara, domin ko 151 na farko sun yi yawa, talatin na yankin da labarinka zai faru sun ishe ka wata shida. Kada ka bai wa kowa dodon almara, wato irin masu tsananin ƙarfi da wuyar samu, a zaman farko don ka burge shi, ba za ka sami abin da za ka tsoratar da shi da shi ba daga baya. Kada ka maimaita labarin yankin Kanto, inda wasan farko ya gudana, gari bayan gari, saboda wanda ya buga wasan ya san abin da ke bayan kowace ƙofa. Kada ka bari wanda ya haddace sunayen dodanni da dabaru ya riƙa gyara wa sabon shiga magana, ka tsawata masa tun a daren farko. Kada a sa ko sisi a kan jefa ƙwaya, domin da ma manya idan suka leƙo suka ga ƙwayar ludo da samari a zagaye, zargin caca ne farkon abin da ke zo musu, kuma gara ka iya nuna musu littafinka da zuciya ɗaya. Sannan sunan Pokémon da dodanninsa mallakar kamfanonin da suka yi shi ne, saboda haka abin da ka rubuta na majalisarku ne, ba na sayarwa ba. Idan kana da burin sayarwa, ka ƙirƙiri naka dodannin da naka suna tun daga tushe.

Akwai kuma masu cewa tun da masoya a ƙasashen waje sun riga sun rubuta tsare-tsare irin su Pokémon Tabletop United da Pokérole, babu dalilin wahalar da kai. Ka karanta su, za ka ƙaru, musamman wajen ganin yadda suka bai wa mai horarwa matsayi. Amma na farkon yana da ɗaruruwan shafuka da Turanci, kuma idan abokanka ba su taɓa yin irin wannan wasa ba, ba za su karanta ko shafi goma ba. Dokokina na yanzu shafi huɗu ne da Hausa. Ga waɗanda suka turo mini daftari, kafin ku ƙara rubuta ko layi ɗaya, ku samo mutum biyu da ƙwaya uku da marafan kwalba, ku gwada faɗa guda kuna duba agogo. Idan ya wuce minti ashirin, ku buɗe littafin ku fara soke sifofi, ku fara da nauyi da tsawo.