Yadda za ka bi sawun faɗuwar Othello

Duk ɗalibin da na tambaya me ya hallaka Othello, amsa ɗaya ce: kishi. Ba ƙarya ba ne, amma a wurina rabin maki ne. Shakespeare ya rubuta wasan wajen 1603 zuwa 1604, kuma bai fito da jarumin a matsayin mai kishi tun farko ba. Aikinka shi ne ka nuna yadda mutum mai natsuwa ya kai ga shaƙe matarsa a kan gado.

Fara da neman abin da ake yabonsa da shi, don aibin yana nan a ɓoye. A kashi na ɗaya, Brabantio ya zo da mutane da takubba saboda Othello ya auri 'yarsa Desdemona a asirce. Othello ko gezau, cewa ya yi su mayar da takubba kube kada raɓa ta sa su tsatsa. Janar ne na birnin Benis, ya saba yanke hukunci nan take, ya kuma saba yarda da sojan da ke gefensa. A fagen fama wannan alheri ne. Iago, sojansa da ke kitsa masa makirci, da bakinsa ya faɗa a ƙarshen kashin cewa Othello mutum ne mai ɗaukar kowa na kirki in dai ya yi kama da na kirki. Ja layi a nan.

Daga nan tafi kashi na uku, fitowa ta uku, ka zauna sosai, nan gizo ke saƙa. Karanta ta sau biyu da biro a hannu. A cikinta ne Iago ke cusa wa Othello zargin cewa Desdemona na cin amanarsa da Cassio, mataimakinsa a soja. A farkonta Othello na cewa ba zai yi zargi ba sai ya gani da ido. Kafin ta ƙare ya ba da umarni a kashe Cassio cikin kwana uku, ya kuma ba Iago muƙamin Cassio. Me ya gani tsakani? Ba komai. Labarin mafarki ne da Iago ya ce Cassio ya yi, sai zancen hankicin da Othello ya ba Desdemona, wanda Iago ya ce ya gani a hannun Cassio. Lura da abin da Othello yake faɗa bayan ya saura shi kaɗai: wai ko don shi baƙi ne, bai iya daɗin baki irin na 'yan fada ba, ga shekaru sun ja. Baƙo ne a Benis, ana son takobinsa, ba a son surukuta da shi. Iago bai ƙirƙiri wannan mikin ba, fama shi ya yi, har ya tuna masa cewa yarinyar da ta yaudari ubanta ba abin yarda ba ce, gargaɗin da Brabantio ya riga ya yi.

Sai ka lissafa ƙofofin da ya ƙi bi. Kafin ya kashe matarsa, bai taɓa kiran Cassio ya tambaye shi gaba da gaba ba. Ya tambayi Emilia, mai yi wa Desdemona hidima, a kashi na huɗu, ta rantse uwargijiyarta ba ta da laifi, ya yi watsi da maganarta, alhali ita ce ta tsinci hankicin ta ba mijinta Iago. Da wannan za ka raba laifin Iago da na Othello, abin da mai duba takarda ke nema ke nan.

Marin da ya yi wa Desdemona a gaban Lodovico, jakadan Benis, ma kada ya wuce ka. Kwatanta shi da mutumin da ya hana a zare takubba, sakin layi ɗaya ya isa.

A ƙarshe, kada ka ɗauki jawabinsa na ƙarshe a matsayin hukunci. Kafin ya soki kansa ya ce shi ba mai saurin kishi ba ne, so ne ya yi masa yawa. Wannan kare kai ne. Ajiye maganar kusa da fitowa ta uku ta kashi na uku, ka rubuta ko ka yarda da shi ko a'a, ka kawo layukan da suka sa ka faɗi haka.