Yadda za ka bi diddigin rigimar jinsi a tsakanin 'yan Pagan ba tare da ka cakuɗa zance ba

Jama'a, duk wanda ke karatun addinai ko yake yawan leƙa shafukan Turawa a intanet wata rana sai ya ci karo da rigimar da 'yan Pagan ke yi a kan ko wadda aka haifa namiji ta koma rayuwa a matsayin mace za ta shiga ibadar mata zalla, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinmu kanun labari kawai muke gani sai mu yanke hukunci. To ga yadda nake ganin ya kamata a bi ta.

Ka fara da gyara fassara tukuna, don a nan ake fara ɓata. Waɗannan da ke kiran kansu Pagan a Amurka da Ingila ba Maguzawa ba ne, ba su gaji abin kaka da kakanni ba, yawancinsu a gidajen Kirista suka tashi daga baya suka rungumi bautar allolin tsohuwar Turai da girmama ƙasa da wata da rana. In ka ga an ce mayu ne kada ranka ya tafi wajen maitar da muka sani ta kama kurwa, su tsafi da ibada suke nufi. Kuma ba su da yawa, a ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 kusan mutum 74,000 ne suka rubuta Pagan, wasu 13,000 suka rubuta Wicca, wato wani reshe nasu na masu kiran kansu mayu.

Daga nan duk rubutun da ka gani ka tambayi kanka, wane reshe ne ke magana? Wannan tambayar ita ce rabin aikin wallahi, saboda mutanen nan ba su da Fafaroma ba su da majalisar malamai da za ta ba da fatawa, kowace ƙungiya gashin kanta take ci. Wicca ta Gerald Gardner, wadda ta fito fili a Ingila bayan an soke dokar hana maita a 1951, an gina ta ne kan namiji da mace, namiji ke shigar da mace cikin addinin mace ke shigar da namiji, a ibadarsu ma wuƙa alamar namiji ce ƙoƙo alamar mace. Su tambayarsu ita ce wanda ya sauya jinsi a wane ɓangare zai tsaya. Reshen Diyana kuwa (sunan wata allahiyar tsohuwar Rum ne), wanda Zsuzsanna Budapest 'yar asalin Hungary ta kafa a Los Angeles a 1971, na mata ne zalla kuma allahiya mace kaɗai suke bauta wa. Akwai ma wani reshen mai irin wannan sunan da ya taso a Texas wanda yake karɓar maza, ka ga in ba ka lura ba sai ka ɗora wa wani laifin wani.

Sai ka san abin da ya faru a San Jose, don kusan duk cacar bakin can take komawa. A da akwai babban taron 'yan Pagan da aka riƙa yi duk watan Fabrairu a wani otal a garin, cikin jihar Kaliforniya, sunansa PantheaCon. A 2011 wata ƙungiyar mata mai alaƙa da reshen Budapest ta shirya ibadar Lilith, wata mace ta tatsuniyoyin Yahudawa da wasunsu ke girmamawa kamar allahiya, ba a fayyace a takardar jadawali su wa za su shiga ba, mutane suka zo bakin ƙofa aka mayar da maza, aka kuma mayar da waɗanda aka haifa maza suka koma rayuwa a matsayin mata. Abin ya yi zafi sosai, Budapest ta sa baki da kalamai masu kaushi da suka ƙara hura wutar. Shekarar da ta biyo, 2012, ita da kanta ta shirya ibada aka rubuta ƙarara cewa sai wadda aka haifa mace, marubuciya T. Thorn Coyle kuma ta jagoranci mutane suka zauna shiru a wajen ɗakin don nuna ƙin amincewa. Bayan haka masu taron suka ce duk abin da aka rubuta na mata ne to a buɗe yake ga duk wadda ta ɗauki kanta mace, ita kuma waccan ƙungiyar ta 2011 ta fice daga silsilar Budapest ta canza suna.

Yanzu wajen da ke buƙatar haƙuri, ka karanta hujjar kowane ɓangare daga bakinsa, ba daga bakin abokin faɗansa ba. Masu cewa sai wadda aka haifa mace suna cewa ibadarsu a kan jikin mace take, jinin al'ada na farko da ciki da haihuwa da ɗaukewar al'ada, kuma da yawa cikin matan da ke zuwa an taɓa cin zarafinsu, suna son ɗaki guda ɗaya da za su saki jiki, ga shi wasu ibadun ma tsirara ake yin su. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa ai ba kowace mace ke haihuwa ba, akwai wadda aka cire wa mahaifa, ita ma za a kore ta ne? Suna kawo tarihi, cewa a tsohuwar Rum masu hidimar allahiya Kibele maza ne da suka dandaƙe kansu suna sa kayan mata, to ta yaya addinin da ke cewa yana farfaɗo da na da zai rufe musu ƙofa. Ni dai a ganina duk wanda ya ce ɗaya ɓangaren ƙiyayya ce kawai ko hauka ce kawai bai karanta ba, akwai ciwo na gaske ta kowane gefe, kuma babban kuskuren 2011 shi ne barin mutum ya zo har bakin ƙofa a gaban jama'a sannan a ce masa ya juya.

Ka riƙa duba kwanan wata. Rubutun 2011 ba lallai ya nuna matsayin ƙungiya a yau ba, misali ƙungiyar Reclaiming da marubuciya Starhawk ke cikin waɗanda suka kafa ta a San Francisco ta gyara takardar aƙidarta a 2012 don ta haɗa kowane jinsi, shi kansa PantheaCon ɗin a 2020 aka yi na ƙarshe.

In za ka yi wa wani bayani da Hausa, na san kwatancen da zai fara zuwa maka shi ne bori da 'yan daudu, tunda an daɗe ana ganinsu a wajen wasan bori. Ka yi hattara da shi. Ɗan daudu yawanci bai ce shi mace ba ne, da yawansu ma suna da mata da 'ya'ya, alhali can San Jose duk faɗan a kan wa za a kira mace ne a bakin ƙofar ɗakin ibada. In dole sai ka kawo kwatancen to ka faɗi wannan bambancin a jimla ɗaya da shi.